Jirginsa a Cikin Ruwan Daro

Bismillahi. Wadda take rubuta mini wannan 'yata ce Balaraba, ƙanwar marigayi, malamar makaranta a Abule Egba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Sunana Hajiya Ladidi, amma duk Agege Iya Shaki ake ce mini, don na shekara arba'in ina wanke tumbi da kayan ciki a kwata. Abokan aikinsa na sojan sama ne suka zo suka ce za su buga ɗan littafi a raba ranar sadakar arba'in, shafin farko kuma na uwa ne. A saman shafin suna so a sa "ɗana wane". Balaraba ta ce abin da ya fito daga bakina kaɗai za ta rubuta, ko harafi ba za ta ƙara ba. Na ce, ai kin san sunan yayanki. Ta ce ta sani, amma ba ita ta haife shi ba. Ga shi nan ta bar fili a sama, wai sai na faɗa za ta cike.

Ranar Talata da hantsi labarin ya iso. Na yi wanka, na ɗaura zanin fita, ina zaune a bakin ƙofa ina jiran motar da za ta mai da ni asibiti. Sai ga motar ta shigo layi a hankali, irin tafiyar da mota ba ta yi a Legas. Wani hafsa ya fito, ya cire hula ya sa a hammata. Tun daga hular na gane. Ya durƙusa ya ce, "Mama, sai haƙuri. Oga ya cika bayan asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "An gode, ku shigo ku sha ruwa." Matan layi suka cika gidan da kuka, ni ban yi ba. Ina jin wata tana ce wa 'yar'uwarta da Yarbanci, ai dama ba ta taɓa sonsa ba. Ina jin Yarbanci sarai.

Shi ne ɗan farina. A garinmu, can ƙasar Katsina, mace ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi ma sai ta kau da kai. Kunya ce, haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Shi kuma ga ƙari, sunan uban mijina aka sa masa, ya zama ƙulli biyu a harshena. A gida wannan ba ya cutar da yaro, don akwai kaka, akwai gwaggo, su za su ɗauke shi su sangarta shi, kuma yana gani uwar kowa haka take yi. Mu kuwa yana goye muka zo Agege, ubansa mahauci, muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya, ba kaka ba gwaggo, duk maƙwabta Yarbawa. Hausawan da muka tarar ma yawancinsu sun sassauta, sun zama 'yan Ikko. Ni ban sassauta ba. Gani nake in na saki wannan na saki gida gaba ɗaya.

Su kuma Yarbawa da sunan ɗan fari suke kiran mace, shi ne girmanta. Akwai maƙwabciyarmu mai sayar da amala, Iya Risi, Allah ya jiƙanta. Sai ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala mini kira, Iya wane, Iya wane, ni kuwa ko waiwaye. Rannan ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke kurma ce?"

Na ce, "Ina ji. Ba sunana ba ne."

Ta ce, "Ba ke kika haife shi ba? Ko a tashar Ojota kika tsince shi cikin kwali?"

Mata suka kwashe da dariya. Na sake cewa, "Ba sunana ba ne." Yana tsaye a bakin famfo da kofi a hannu, bai wuce shekara biyar ba. Ya ji. Daga ranar aka koma ce mini Iya Shaki, na amsa da sauri. Yaro ya ga uwarsa ta ƙi sunansa ta karɓi na tumbin saniya. Rubuta haka, Balaraba, kar ki gyara.

Iya Risi ce ta kwashe shi. Ita take yi masa kirari in ya ci jarrabawa, ita take rawa da shi a layi. Ban hana ba, don a ganina ta zama gwaggon da ba mu da ita. Yaro ne mai shiru. Ba ya cin abinci sai ya ga ƙanwarsa ta ci. Takalminsa na makaranta guda ɗaya ne, amma kullum kana ganin fuskarka a jiki. Da yamma sai ya zo kwata ya ɗauki daron da nake wanki ya kai mini har ƙofar ɗaki, ba ya magana, ba na magana. In ya sauke sai ya ɗan tsaya. Na san abin da yake jira. Sai in ce, "A je a yi alwala."

Ya tafi makarantar soja a Zariya, daga nan aka zaɓe shi sojan sama. Ya yi Kaduna, ya yi Kano, aka kai shi ƙasar Turawa ya dawo da layi-layi a kafaɗa. Jirginsa ba irin na alhazai ba ne. Ƙarami ne, kuma ba da jirage yake faɗa a sama ba, aikinsa ƙasa ne. Ya sauko har yana neman gogar kan bishiya, ya nemi mota, ko gada, ko ramin da mutane suka ɓuya, ya zuba musu wuta ya tashi. Ubansa da ya ji bayanin ya yi dariya ya ce, "To ai fawa ka koma, Soja. Wuƙarka ce kawai ta fi tawa ƙara." Sojan bai yi dariya ba. Abokansa Shaho suke ce masa. Shi kuwa cewa yake, "Ni ba jarumi ba ne, ido ne da ni mai kyau."

Farkon dawowarsa ya aiko wa Iya Risi cewa ranar Alhamis da hantsi zai wuce ta kan Agege, a fito a gani. Muna kwata sai ƙara ta taso daga wajen Ikeja kamar sama za ta tsage. Shanu suka tsinke igiya, mahauta suka watsar da wuƙaƙe, kowa ya ɗaga kai. Iya Risi ta tuɓe ɗankwali tana kaɗawa tana ihu, omo mi, omo mi, ɗana, ɗana. Ni ina durƙushe a kan daro, hannuna cikin ruwa. Na zare hannun a hankali, na tsaya cak don ruwan ya kwanta. Ya kwanta kuwa. Na ga jirgin a cikin daron tun daga hanci har wutsiya, ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan, ya karkata fiffike sau biyu. Ba wanda ya gan shi kamar yadda na gan shi, don su rana ta kashe musu ido.

Da yamma ya zo cikin kaki. Bai tambaye ni ba, matan kwata ya tambaya, ina zaune a wurin. Ya ce, "Ta ɗaga kai?" Wata ta ce, "Ina! Ko motsi ba ta yi ba, tana ta wankin tumbinta." Ya juyo ya dube ni. Maganar daro tana nan a bakina. Mata sun fi ashirin sun zuba mini ido. Na ce, "An ji ƙarar. Ta tsorata shanu." Manyansa sun hukunta shi a kan saukowar nan, suka riƙe masa ƙarin girma. A kan abin da ya ɗauka ban kalla ba.

Shekarar da ta biyo ya kai ni Makka. Mutane suna ta sa masa albarka. Ni kaɗai na san dalili. Suna yake nema da zai riƙa kirana da shi. Tun da na sauko jirgi Inna ta fita daga bakinsa, sai Hajiya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na shiga ɗaki sai ya miƙe tsaye, ko da ya zama babba mai sojoji a ƙofa, ya tsaya ƙiƙam kamar gaban ogansa har sai na zauna. Na gwammace ya zage ni.

Sai aka kai su yaƙi wata ƙasa can bakin teku, ban iya faɗin sunanta ba. Can ya samo yawancin lambobin yabonsa. Abokansa sun ce biyar ne, sun rubuta sunan kowace da Turanci, ni da launin ƙyallen na san su. Mai kore da fari ta zuwa yaƙin ce, kowa ya samu. Mai shuɗi ta ranar da aka harbi jirginsa ce, ƙarfe ya shige masa cinya, aka ce ya diro ya bar jirgin, ya ƙi, ya kawo shi gida da inji ɗaya yana hayaƙi. Mai ratsin rawaya ta wasu sojojin ƙasa ce da aka kewaye a daji, ya yi ta kai da komowa a kansu har aka buɗe musu hanya. Ɗaya daga cikinsu ya zo ta'aziyya, tsoho da sanda, yana kuka yana cewa da ba don Oga ba da ba shi da jikoki. Ta huɗu ta daɗewa a aiki ce. Duk tsawon yaƙin nan ina azumin Litinin da Alhamis. In an tambaye ni sai in ce ramuwa nake yi.

Ranar da za a maƙala masa mai shuɗin an gayyace mu bariki. An ajiye kujera a gaba, an ce ta uwa ce. Ya kama hannun Iya Risi ya zaunar da ita, ta sha ɗaurin kai kamar faifai. Ni aka kai ni baya wajen direbobi da masu dafa abinci. Da aka tashi wani babbansu ya nuna ni ya ce, wannan fa? Soja ya ce, "Matar babana ce, yallaɓai." Bai yi ƙarya ba. Na durƙusa na gaishe da mutumin.

Ya zo hutu wata rana, maza sun kewaye shi a ƙofar gida suna tambayarsa yadda yake gane mutum daga sama. Ina ciki ina tsince shinkafa, labule ne kawai tsakaninmu. Ya ce, "Wanda ya kwanta ya rufe fuska ba na ganinsa. Wanda ya ɗaga kai ya kalle ni, shi nake fara samu." Sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Hajiya, ke da a can kike da ba abin da zai same ki." Maza suka yi dariya, ba su san ta mece ce ba. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

Yanzu ta biyar. Matarsa Maryam ta birkice gida tana nema, abokansa sun tambayi kowa, huɗu kawai aka samu a akwati. Ina zaune ina jinsu. Tana nan a haɓar zanina, yau shekara goma sha tara. Mai jan ƙyalle ce, ta wata gada da ya karya. Bayan ya ajiye aiki, ubansa ya rasu, Iya Risi ma ta rasu, shi ya ɗauki makararta har maƙabarta, sai ga shi wata rana bayan la'asar, shi kaɗai ba direba. Ina tsakar gida, daro a gabana ba ruwa. Bai tsaya ƙiƙam ba ranar, ya zauna a ƙasa. Ɗan mahauci, amma tun da ya dawo daga yaƙi nama bai sake shiga bakinsa ba, ba wanda ya san dalili.

Ya ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Cewa suka yi motar makamai ce za ta haye gadar. Na sauko na gan ta, babbar mota an lulluɓe da tamfol. Na danna. Da na zagayo karo na biyu sai na ga kwanduna da kwanuka a watse a kan gada, irin daron nan naki. Da kifi. Da zannuwa. Mata ne za su kasuwa, Inna. Na dawo na faɗa, aka ce gadar dai ta karye, aiki ya yi kyau. Suka ba ni wannan."

Ya miƙo mini. Ba kowa a gidan. Ba suruki, ba baƙo, ba wanda zan ji kunyarsa. Ki rubuta wannan da kyau, don kar a ɗora wa al'ada abin da ba nata ba. Ranar ba kunya ba ce. "Matar babana" ce take kwance a ƙirjina shekara da shekaru, na samu inda zan sauke ta. Na ce, "Ubanka ya shekara hamsin yana yanka, bai taɓa sa wuƙa a wuyan abin da bai duba ba."

Ya yi wani ɗan murmushi. Ya saki lambar a cikin daron, ta yi ƙara, ta yi ta juyi kafin ta kwanta. Ya miƙe ya ce, "Ki ajiye, Hajiya. Ke ta fi dacewa da." Ya fita. Balaraba ta ce daga lokacin ne ya fara ce mata, "Ki riƙa kiran 'ya'yanki da sunansu har sai sun gaji da ji."

Na ga rubutu a bayan lambar. Na kai wa wani mai gyaran agogo a kasuwa wanda bai san ni ba, na ce me aka rubuta nan. Ya fara karantawa da ƙarfi, na fizge na tafi. Sunansa ne. Tun daga ranar, bayan kowace salla, sai in kwance haɓar zani in sa babban yatsa a wurin in yi ta shafawa ina addu'a. Na ce wa raina wannan ma kira ne.

Ranar Litinin, jajiberin rasuwarsa, aka kai ni asibitin sojoji. Ya rame, sai ido. Ɗakin cike, ga yayyen matarsa, ga hafsoshi biyu, ga nas. Ya ce, "Inna, matso." Na matsa. Ya ce, "Likita ya ce ba nisa. Tun ina yaro ban roƙe ki komai ba. Ki kira ni sau ɗaya. Sunan da aka yanka mini rago da shi."

Maryam, Allah ya yi mata albarka, ta ce, "Inna, bari mu ba ku wuri." Suka fara miƙewa. Na ga in suka fita duk sun san abin da zan yi a ciki. Na ce, "A'a, ku zauna." Na dube shi na ce, "Sannu, Soja. Allah ya ba ka lafiya."

Ya daɗe yana kallona. Ya juya fuska bango ya ce, "A mai da Hajiya gida, kar cunkoso ya riƙe ta a hanya."

Na riga na shirya abina. Na ce gobe da hantsi zan koma kafin a buɗe wa masu dubiya, daga ni sai shi. A mota ina ta juya harshe ina gwadawa ba sauti. Zanin da na ɗaura don zuwan nan, da shi na karɓi gaisuwa.

To ungo, Balaraba. Ga ta nan. Juya bayan, sunan yana nan, ki kwafa ki cike filinki, ba sai na faɗa ba. Daga hannuna ya fito, ai ɗaya ne.

Me kika ce?

Kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Sa gilashinki.

Ta ce babu komai. Ta ce wurin ya yi sumul kamar bayan cokali, ko alamar harafi babu. Ni ina jin ɗan tudu-tudu a yatsana, ashe yatsan ne. Ashe shekara goma sha tara gogewa nake yi.

Miƙo mini abata. Ki ce wa abokansa huɗun sun ishe su jerawa a kan teburi.

Ya Allah, kai ka san wanda nake nufi. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Matan nan na kan gada, ba mu san sunan ko ɗaya ba, ka jiƙan su, ka sanyaya zuciyarsu a kansa ranar da za su tsaya gabanka. Ka jiƙan Iya Risi, ta yi abin da ban yi ba. Ka ba Maryam haƙuri, ka raya masa 'ya'yansa, ka sa su ji sunansu a bakin uwarsu kullum. Ni kuma ban san ko ya yafe mini ba, ban tambaya ba, ba a faɗa mini ba. Ka gaya masa na ga jirgin. Na gan shi tun daga hanci har wutsiya.

Na gaji, Balaraba. Kar ki rufe littafin tukuna, riƙe biron a hannunki. Bari in ɗan huta, sai in gwada.

Nan Inna ta yi shiru. Na jira da biro a hannu har aka kira la'asar, ta tashi ta ɗauki buta. Filin yana nan yadda na bar shi.